Zazzaɓin Kifin Malam

A duk unguwar, Sista ake ce mata, har jikokinta, har mijinta. Shekara talatin da uku ta yi tana aikin jinya a sashen yara na babban asibiti. Da ta yi ritaya ta ninke farar rigarta ta sa a ƙasan akwati, amma abu biyu suka biyo ta gida suka ƙi tafiya: agogon nan da ake maƙalawa a ƙirji, da ɗabi'ar ƙirga numfashin mutane. Kana zaune kana ba ta labari, sai ka lura idonta ba ya kan fuskarka, yana kan ƙirjinka, leɓenta na motsi. Kafin ka dire zancenka ta ce, "Ashirin da huɗu. Da gudu ka zo, ko wani abu kake ɓoye mini?" Mijin autarta ya sha wannan har ya koyi gaishe ta daga bakin ƙofa.

Mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. In ta shiga gidan mutane ta ga tagogi a rufe, buɗewa take yi kafin ta zauna. In ta ga yaro da majina, ba ta tambayar ɗan waye. Mutane suna tsoron bakinta, amma duk wanda ɗansa ya kwana da zafin jiki, ƙofarta yake fara bugawa, kuma ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Mijinta mai gyaran famfo ne, ita kuma Malam take ce masa. A sashen yaran suka haɗu. Wani famfo ne ya yi wata huɗu yana ɗiga, ranar da aka turo shi gyara ta tare shi ta wanke shi tas, kamar shi ya lalata. Ya gyara ya tafi. Washegari ya dawo duba famfon, jibi ma haka, har sai da ta ce masa famfo dai ya warke, in da wata magana ya faɗa ta ji, tana da marasa lafiya. Shekara talatin da takwas ke nan, da 'ya'ya biyar, kuma a duk tsawon zaman ita ce mai maganar gidan. Shi nasa "to" ne, da "Allah ya kyauta".

Da ƙarfinsa ya fara raguwa ya bar hawa rufin mutane, sai ya tsiro da kiwon kifi. Ya gina tankin siminti a bayan gida, daidai inda take shanya, ba tare da ya shawarce ta ba. Wannan ta haɗiye. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne bututun da ya gitta a saman tankin, ya bi shi da ƙusa ya huhhuda, ya haɗa da ɗan injin tura ruwa, ruwa na zuba tsul-tsul tun safe har yamma. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana toshe yoyon gidajen mutane, ya dawo gidansa ya ƙera yoyo da gangan. Sannan ya kawo wasu tsofaffin buhuna, yagaggu, masu ƙura, ya ɗaura a kan sanduna ya rufe rabin tankin. Duk sanda ta leƙa ta tagar kicin ta gan su, sai ta yi tsaki.

Ƙananan kifi yakan raine su ya sayar, amma akwai guda tara manya da ba ya sayarwa, su ne iyayen da ke yi masa ƙwai. Shekara huɗu yana tare da su. Har suna ya raɗa musu. Babbar cikinsu, mai tabo a gefen wutsiya, Kaka yake ce mata. A bakin tankin nan ne kaɗai Malam yake da baki. Ya sha kiran Sista ya nuna mata wani abu, yana tsoma hannu a ruwa yana bayani, ita kuwa takan ce, "Malam, tukunyata na kan wuta," ko da babu komai a kan wutar.

Farkon bazara, wata safiya, ya sunkuya zai ɗaura takalmi sai ya kife. Ita ta fara ganin bakinsa ya karkace, ita ta san abin da ke nan, kuma saurin da ta yi ne ya sa aka same shi da rai. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kwana uku ba ya cewa komai. A rana ta huɗu ya kama hannunta da na hagunsa, ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe, 'ya'ya sun kewaye gado kowa ya riƙe numfashi. Sai ya ce, "Kifi."

Gaskiya abin ya yi mata zafi. Shekara talatin da takwas, haihuwa biyar, amma kalma ɗaya tak da ta tsira a bakin mutumin nan ba sunanta ba ce, ba sunan ɗa ko jika ba. Ta so ta fizge hannunta. Amma ta ga idonsa, ta ga tsoro a ciki, irin wanda ta saba gani a idon iyaye mata a bakin gadon yara. Sai ta ce, "Na ji. Tara ka bari, tara za ka tarar. Ka kwantar da hankalinka."

Likita ya ce zai yi kamar mako uku kafin a sallame shi, ya kuma ja kunnensu cewa jininsa bai gama sauka ba, a guje masa duk abin da zai tayar masa da hankali. Da rana babban ɗansu da Auta ke karɓa-karɓa a wajensa, Sista takan je da yamma. Sauran yinin kuwa ta ba kifi, kuma ta shiga aikin yadda ta san aiki.

Ranar farko ta kashe injin nan mai tsul-tsul. Wane mai hankali ne zai bar ruwa na zuba a kan masu hutawa yini guda? Ta kwance buhunan ta kai su bola da yatsu biyu, ta ce yanzu rana da iska za su shiga. Ta duba kwanon abincin kifin ta ga ɗan abin da Malam ke watsa musu safe da yamma, ta girgiza kai. Rowa har da kifi. Ta tsara musu sau uku, bakwai na safe, ɗaya na rana, shida na yamma, ba fashi, kuma da hannu a sake. Sannan ta samo farin kwali ta ja layuka ta manna a bango, ta rubuta ranaku a gefe.

Matsalar ita ce kifi ba shi da ƙirji. Ta yi minti goma a tsaye tana harararsu kafin ta gano inda numfashin yake: marfin kumatun nan da ke buɗewa yana rufewa a bayan ido. To, an zo wurin. Ta shimfiɗa tabarma a bakin tanki, mace mai shekara sittin da biyu da ciwon gwiwa, ta kwanta rub da ciki, agogo a hannu, tana ƙirga wa kifi numfashi. Da safe sittin a minti. Ta rubuta. Da ƙarfe uku na rana ta sake kwanciya, ta samu tamanin da biyar. Ta ɗaure fuska. Ta ɗauko ma'aunin zafinta na asibiti ta tsoma a ruwa. Da safe ko motsi bai yi ba, domin irin wannan ma'auni ba ya fara magana sai zafi ya kai talatin da biyar. Ita dai ta ɗauka lafiya ke nan.

Kwana na biyu, casa'in da biyar. Kwana na uku, ɗari da biyar, kuma da rana tsaka ma'aunin ya motsa, ya haura talatin da biyar da ɗan ɗoriya. A rana ta huɗu ta fito da kwanon abincin rana ta tarar da su duka tara a saman ruwa, baki a buɗe, suna haki kamar waɗanda aka koro. Abincin safe na yawo a kansu ba wanda ya taɓa. Sista ta dubi kwalinta. Sanyi da safe, zafi da rana, numfashi na hawa, an ƙi abinci. Ta ga wannan layi sau dubu a kwalin da ake rataye wa a gadon yara marasa lafiya. Ba ta buƙatar kowa ya gaya mata sunansa.

Ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira, wadda ke sayar da ƙanƙara.

"Maƙwabciya! Miƙo min manya guda huɗu."

"Sista, baƙi kika yi?"

"Marasa lafiya gare ni."

"Subhanallahi, jikokin ne?"

"Kifin Malam ne. Zazzaɓi."

Maƙwabciya ta ce ta bayan katanga, "Sista, kifi na zazzaɓi kuwa?"

"Ke da kika yi karatun, sai ki gaya min. Miƙo ƙanƙara, don Allah, rana na yi."

A asibiti ba a barin wanda ya fi jin jiki a cikin jama'a, ware shi ake yi. Ta jawo babban bahon wanki ta cika shi da ruwan randa, ta farfasa ƙanƙarar nan ta zuba har sai da hannunta ya ƙage. Ta tsoma ma'auni, bai motsa ba, ta ce madalla. Ta ɗauki ragar kamun kifi mai mariƙi, ta zaɓi uku da suka fi haki, Kaka da wasu biyu, ta juye su a baho ɗaya bayan ɗaya. Suka yi wata irin zabura, suka zagaya sau biyu, sannan suka lafa a ƙasa. Ta duba agogo. Tamanin. Bayan minti biyu, hamsin. Bayan wasu biyun, talatin. Wani daɗi ya kama ta irin wanda rabonta da shi tun tana aiki. Ta ce a fili, "Ka ji, Malam. Shekara huɗu kana tsoma hannu a ruwa, ni kwana huɗu." Ta shiga ɗaki ta kira Auta a waya don ta ji ko ya ci abincin rana.

Da ta fito, Kaka na kwance a gefenta, farin tumbinta a waje. Sauran biyun na juyawa a hankali kamar ganyen da ya faɗa kwata. Sista ta saki wayar. Ta sa hannu biyu ta kwashe su ta mayar cikin tanki da gudu, daga ruwan ƙanƙara zuwa ruwan da rana ta dafa, tana cewa, "Kai, kai, kai, ku tsaya." Ta riƙe Kaka a cikin ruwa tana kaɗa ta gaba da baya. Kumatun ya ɗaga sau ɗaya, ya ɗaga na biyu, bai sake ba. Kafin ƙarfe huɗu duk ukun sun taso a mace.

Da yamma ta je asibiti da kwanon abinci. Tana shiga Malam ya ɗago kai. "Kifi?"

"Suna nan," in ji ta, ta juya tana gyara masa matashi.

A shekara talatin da uku ba ta taɓa ce wa uwa ɗanta na samun sauƙi alhali ba ya samu ba. An sha kai ƙararta saboda haka. Yau ga ta tana gyara matashin da ba abin da ya same shi, don kada ta haɗa ido da mijinta. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin kifin, ta ji haushinsa shi da ya kwanta ya bar ta da dabbobin da ba su iya nuna inda ke musu ciwo.

Washegari da sassafe ta naɗe Kaka a leda, ta ɓalle kwalinta daga bango, ta nufi shagon da Malam ke sayen abincin kifi. Mai shagon abokinsa ne, wani dattijo mai magana a hankali kamar ana biyansa kan kowane jinkiri. Ya tambayi jikin Malam, ya yi addu'a, ya sake yin wata, ya share kujera, sannan ya karɓi kwalin. Ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni. Wane magani ake ba su?"

"Kai, Sista, wannan aiki ya yi kyau. Ni tunda nake ban taɓa ganin wanda ya ƙirga wa kifi..."

"Ba yabo na zo nema ba. Zazzaɓi ne ya shiga tankin, uku sun tafi, shida na hanya."

Ya buɗe ledar, ya ga tabon gefen wutsiya, ya ce, "Wayyo, Kaka." Ya sa babban yatsa ya ɗaga marfin kumatun, ya nuna mata jan naman nan mai tsage-tsage kamar matajin kai. "Kin ga wannan lafiya lau yake, ba cuta. Me kika yi musu?"

Ta faɗa masa. Da ta zo kan ƙanƙara sai ya cire hularsa ya ajiye a kan buhu.

"Sista, kifi ai ba ya da zafin kansa. Ni da ke, ko ana sanyi ko ana rana, jikinmu na nan inda yake. In ya hau, ciwo ne. Shi kifi, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Ruwa ya yi ɗumi, komai nasa sai ya ɗau sauri, zuciya, hanji, komai, sai ya nemi iska da yawa. Ga shi kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Buƙata ta ƙaru, abin ya ragu. To ya zai yi? Sai ya riƙa buga kumatu da sauri don ruwa mai yawa ya bi ta nan ya tace ɗan abin da ke ciki. Wannan hawa da saukar da kika rubuta, ba ciwo kika rubuta ba. Dabararsa kika rubuta."

"Ɗari da biyar dabara ce?"

"A'a, wannan kam ya yi yawa, wani abu ya matsa musu. In zafi ya zo a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, jikinsu na bi, har jininsu da kumatun nan sukan gyara zama. Amma kwanaki abin ke ci. Ba minti biyar ba. Kin ɗauko shi yana tsakiyar gudu kin jefa a ƙanƙara, komai ya tsaya masa cak. Numfashin da kika ga yana sauka, ba sauƙi ba ne, tafiya ce." Ya sake duba kwalin. "Amma abin da ban gane ba, tankin Malam bai taɓa kai wannan zafi ba. Buhunan inuwar nan suna nan ko?"

Sista ta dubi titi.

"Ruwan da ke zuba ta bututu fa? Shi ke sa musu iska."

Ta gyara mayafinta.

"To, abinci dai na san ba ya ba su da rana, don in sun ci buƙatar iskarsu ninkawa take..." Idonsa ya sauka kan layin ƙarfe ɗaya, inda ta yi alama kwana huɗu a jere da jan biro. Ya ɗauki hularsa ya mayar.

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta karɓe kwalinta ta ce, "Shi kuma da bakinsa bai iya faɗa wa mutane ba?"

"Yakan ce yana gaya miki, tukunyarki ce kullum a kan wuta."

Ba ta yi masa sallama ba. Tana isa unguwa ta wuce bola kai tsaye. Sista guda, wadda ke hana yaran mutane wasa kusa da wurin, ita ce tsaye da sanda tana tonon shara, maƙwabta na leƙe. Ta samu biyu daga cikin buhunan, akuya ta ci rabin na uku. Ta cike da tsohon zanen gadonta. Ta kunna injin, ruwa ya dawo da tsul-tsul ɗinsa, kuma ta rantse ƙarar ta fi ta da. Ta kwashe ruɓaɓɓen abincin da ke saman ruwa. Sabon ruwa kuwa, yadda mai shago ya ce, da ɗan siririn tiyo ta riƙa sa shi, yana shiga kamar ba ya so, ita tana tsaye tana cizon leɓe, don a duniya ba abin da ta tsana kamar aikin da ba a yi a gama.

Mafi wuya shi ne ƙarfe ɗaya na rana. Ƙafarta da kanta take kai ta wurin kwanon abinci. Ta tsaya a kansu hannu wofi, suna kallonta tana kallonsu, ta ce, "Kada ku dube ni. Ba ni na ce ba." A kwana na uku da gyaran suka bar saman ruwa suka koma ƙasa, ƙarƙashin inuwa. Numfashin rana ya tsaya a tamanin, kuma ta koyi barinsa a tamanin ɗin ba tare da ta nemi saukar da shi ba. Shida suka rayu. Ta ji daɗi, amma daɗin bai kai ko'ina ba, domin shida ba tara ba ce.

Auta kaɗai ta gaya wa. Auta ta ce, "Mama, mu sayo uku manya mu zuba mana. Ina zai gane?"

"Mutumin da ya raɗa musu suna? Ubanki zai iya manta ranar haihuwarki, amma ba zai manta fuskar kifinsa ba."

"To kada ki faɗa masa. Kin ji abin da likita ya ce. In jininsa ya sake hawa fa?"

Wannan ita ma shi ke hana ta sukuni. Ta fi Auta sanin abin da shanyewar jiki karo na biyu ke yi wa mutum. Don haka kullum da yamma sai ya ce, "Kifi?" ita kuma ta ce, "Suna nan." Kwana goma sha shida tana faɗin haka. Masu gashin ƙashi sun samu ya fara tsayawa da sanda, hannun ma ya ɗan fara motsi, amma magana ta ƙi. An nuna masa kofi, an nuna masa hoton jikokinsa, an yi masa waƙar yara, sai ya kalli mutum kawai ya kawar da kai. Likita ya ce wasu takan dawo musu, wasu kuma shi ke nan, a dai yi ta jan shi da hira. Sista ta yi ta ja, amma mutumin da ko da lafiyarsa "to" ce hirarsa, da me za a ja shi?

Ranar sallama suka shirya komai. An share ɗakinsa, an rufe ƙofar baya, an ce Auta ta tura keken marasa lafiyar da yake kai, kai tsaye zuwa gado, a ce masa sai ya huta tukuna. Suna shiga tsakar gida ya sauke ƙafarsa mai lafiya ya kafa a ƙasa. Auta ta tura, keke ya ƙi. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofar baya.

"Baba, ka fara kwanciya, an jima..."

Ya bugi hannun keken da tafinsa.

Sista ta dube shi, ta dubi ƙofar. Ta gaji. Ta ce, "Buɗe masa."

Aka tura shi bakin tanki. Ya dubi zanen gadon da ke ɗaure a kan sanduna, ya dubi bututu, sannan ya sunkuya. Kifin suka taso gefensa. Idonsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya koma farko ya sake bi. Ya leƙa ƙarƙashin inuwa. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo ya dube ta.

Ta tsaya a gabansa ta haɗa hannu a baya, yadda take tsayawa in za ta miƙa aiki ga mai karɓarta. Ba ta rage komai ba. Ta ce ta kashe injin, ta zubar da buhuna, ta ba su abinci da tsakar rana. Ta ce ta ga suna haki ta ɗauka zazzaɓi ne, ta ware uku a baho, har da Kaka, ta zuba musu ƙanƙara. Ta ce sun mutu a hannunta ranar Laraba kafin ƙarfe huɗu, kuma tun ranar take yi masa ƙarya. Auta na ta yi mata alama da ido, ba ta kula ba.

Fuskar Malam ta yi duhu. Leɓensa ya fara rawa. Sista ta kai hannu za ta kama wuyan hannunsa ta ji bugun jini, ya fizge. Tsoro ya kama ta sosai, har ta buɗe baki za ta ce wa Auta ta kira mota.

"Ƙan..." in ji shi. Ya haɗiyi yawu. "Ƙan... ƙara?"

Sista ta fasa zancen mota, ta dube shi.

"Wa... ya ce... ki sa... ƙanƙara?" Kalmomin na fitowa a karkace, da ƙyar, amma suna fitowa. "Kifi... ne. Ba... yaro ba. Ke... ba kya... ji. Tun... da. Ba kya... jin... magana."

Auta ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na zuba. "Mama! Mama, Baba ya yi magana!"

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Yi mana shiru, bai gama ba."

Ya tsaya yana haki, gumi a goshinsa, ya ƙura mata ido cike da fushi irin wanda bai taɓa nuna mata ba tun aurensu. Ta ga alamar zai koma shirunsa. Ta jawo kujerar tsakar gida da ƙafa ta zauna daf da gwiwarsa, ta goge fuskarta da gefen mayafi.

"Ci gaba, Malam, ina ji. Buhunan fa? Ba ka ce komai a kan buhunan ba. A bola na zuba su, akuya ta ci ɗaya."